A-kori-kurar da Baba Ya Bar Mana

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwarmu daren Asabar wayewar Lahadi ya san ƙarar da ke tashin mutane kafin ladan ya yi kiran assalatu. Tari ne irin na tsohon inji, sau biyu ko uku, sai a ji tsit. Can sai muryar Yayanmu yana ƙwala wa almajiran maƙwabta kira su zo su sa hannu. A tura ta har bakin kwalta, ta yi gurnani, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama. Da haka muke buɗe ranar kasuwar Mai'adua, kuma mun daɗe muna ɗaukar abin a matsayin halin mota idan ta tsufa, kamar yadda ake ɗaukar ciwon gwiwa ga dattijo.

Motar a-kori-kura ce ƙirar Peugeot 504, wadda kowa ya fi sani da Fijo. Tana cikin irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. A Faransa tun 1968 aka fito da 504, kuma sun daɗe da daina yin ta, amma a Najeriya an ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, saboda ta san hanyoyinmu kuma kowane bakanike ya san cikinta. Baba ya saye ta na hannu tun yawancinmu ba mu shiga firamare ba. Fara ce a da. Yanzu launinta ya koma na turɓayar da take yini a ciki, ƙofar gefen fasinja kuma sai an ɗaga ta kafin ta rufu.

Wanda bai san Mai'adua ba zai yi zaton manyan tireloli ne ke riƙe da kasuwarmu, domin su ake gani jere ranar Lahadi suna lodin shanu da tumaki zuwa Legas da Fatakwal. Amma tirela ba ta shiga rairayin ƙauye. Kafin rago ya iso kara daga Bumbum ko Koza ko Natsalle, kafin buhun gero da wake su fito daga rumbu su iso bakin titi, ƙaramar mota ce ke ɗauko su. Baƙin da suka ƙetaro ta Kwangwalam daga Matamaye da Damagaram, in sun sayi kayan masarufi, ƙaramar mota ce ke kai musu bakin iyaka. Wannan ɗan tsakanin shi ne gonar motarmu. Sauran ranakun mako kuma tana jigilar siminti, kwano, taki, kayan ɗakin amarya, wani lokaci har mara lafiya zuwa asibiti a Daura cikin dare.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, aka zauna rabon gado. Mu bakwai ne, maza huɗu mata uku, ga Inna da tumuninta. Gida da gona ba su ba da wahala ba. Mota ce ba ta rabuwa. Aka yi mata kuɗi, aka ga in an sayar an raba, abin da kowa zai samu ba zai sayi ko saniya ba. Sai muka amince a bar ta a hannun Yaya, tun da shi ne ya yi wa Baba yaron mota shekara da shekaru. Shi zai tuƙa, a cire kuɗin mai da na gyara da ladansa, abin da ya rage a raba ƙarshen wata gwargwadon rabon kowa. 'Yar'uwarmu da ke koyarwa a firamare, wadda duk gidan ke kira Malama, ita aka danƙa wa littafin lissafi.

Littafin nan shi ya fara gaya mana gaskiyar da ba mu so ji ba. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mu da muke kwana muna tashi a bakin iyaka sai muka koma hannun 'yan bumburutu, ana ɗura mana mai daga jarka da galan, wani da ruwa, wani da yashi a gindi. Muka lallaɓa a haka. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ba mu gama jin zafin wannan ba sai ga juyin mulkin Nijar ranar 26 ga Yuli, aka sake rufe iyaka, baƙin kasuwa suka ragu. Wata uku a jere Malama tana ja layi a ƙasan shafi ba tare da ta rubuta abin rabawa ba. A wata na huɗu ta rubuta bashi.

Daga nan magana ta fara yawo. Mazajen 'yan'uwanmu mata ba su faɗi komai a gabanmu ba, amma mun ji a muryar matansu. Ba mu ga laifinsu ba, domin haƙƙi haƙƙi ne, kuma dukiyar da ke cin kanta ba a ce wa mai rabo a ciki ya yi shiru. Wani dare bayan sallar isha'i muka taru a ɗakin Inna. Wasu suka ce a sayar tun tana da sauran daraja, a sayi 'yar ƙurƙura mai shan mai kaɗan. Autanmu, wanda ba ya rabuwa da waya, ya ce jikin motar lafiya lau yake, injin ne ya gaji. A je Ƙofar Ruwa a Kano a sayo injin Japan na Baljiyam mai injekta a dasa mata, ta koma kamar Hilux. Har bidiyo ya nuna mana. Yaya bai ce uffan ba, yana ta murza makullin motar a hannu. Kowa ya san in an sayar, shi ne zai wayi gari ba sana'a, da mata da 'ya'ya biyar.

Inna ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma cika duban inda yake ba. Sai ta fuskanci Malama ta ce, "Ku gaya wa wancan, kafin a yanke wa mara lafiya hukunci ai sai likitansa ya gan shi. Mahaifinku bai taɓa yarda wani ya buɗe cikin motar nan ba in ba mutum ɗaya ba. Yana nan da ransa a Daura. Ku kai masa ita."

Mutumin da take nufi mun taso muna kiransa Baffa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ya koyi aiki a Kaduna lokacin da Fijo ce motar gwamna, ita ce ta ɗan tasi. Garejinsa inuwar bedi ce da benci da akwatin ƙarfe. Tun rasuwar Baba ba mu koma wurinsa ba, saboda Yaya ya ga yaran bakin tasha sun fi kusa kuma sun fi araha. Da muka isa bai yi mana gori ba. Ya yi wa Baba addu'a, ya dafa bonet kamar mai gaisawa da tsohon aboki, ya ce a tayar. Ya saurara, ya zaga baya ya tara tafin hannu a bakin salansa ya shinshina. Sannan ya sa a kashe, ya kwance fulogi huɗun nan ya jera su a kan tsumma yadda suka fito.

"Ku matso ku yi karatu," in ji shi. "Fulogi ba ya ƙarya. In kun ga bakinsa baƙi ƙirin kuma busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi wa iska yawa. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai ke hawowa, ringi ko bawul sun saki. In fari ne fat, inji na jin yunwa kuma yana zafi. Wanda ake so shi ne launin shayi da madara. Hayaƙi ma haka: baƙi fetur ne, shuɗi baƙin mai, fari mai yawa kuma ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba."

Uku daga cikin namu gindin tukunya ne, na huɗu da ɗan maiƙo. Ya ɗauko wani tsohon agogon gwada matsi ya cusa a ramin kowane fulogi, Yaya yana murza makulli. Uku suka tashi kusan daidai, ɗaya ya gaza kaɗan. Ya ɗiga baƙin mai a ramin mai rauni ya sake gwadawa, allurar ba ta ƙara komai ba. Ya ce da ringi ne, man zai toshe kafar na ɗan lokaci allura ta hau. Tun da ba ta hau ba, bawul ne ba ya zama daidai.

Ya goge hannu ya dube mu. "'Ya'yana, injin nan bai mutu ba. Shaƙe shi kuka yi."

Auta ya kawo maganar injin Japan. Baffa bai raina shi ba, ya ma ce injunan suna da kyau a cikin motocin da aka yi su dominsu. Amma ya lissafa masa abin da bidiyo bai nuna ba. Sai an ƙera faranti an haɗa shi da giya, ko a sayo giyarsa, in an sayo giya kuma sai an yanke shaf an daidaita. Sai an sauya wayoyi kaf, a sa famfon mai mai ƙarfi, a nemo ƙwaƙwalwar da ta dace. Injekta ba ta haƙuri da man jarka. Lambar inji da ke takardun mota za ta saɓa, ga shingayen jami'ai tsakanin Daura da iyaka. "Sannan ranar da ta tsaya maka a dajin Bumbum da raguna goma a baya, wa zai zo maka da kwamfuta? Wannan kuwa, da sifana biyu da sukudireba za ka dawo da ita gida." Maganar mayar da ita mai amfani da iskar gas ma ta taso, tun da gwamnati na ta tallata CNG. Muka duba muka ga wurin shan iskar ya yi mana nisa, tukunyar kuma za ta cinye wurin buhu biyu ko uku a baya.

Ya tambayi Yaya, "Gudu kake so ko isa?" Yaya ya ce isa. Baffa ya ce to za a yi aikin daki-daki, kowace kasuwa ta biya nata, kada a ci bashi a kan tsohuwa. Malama ta kafa nata sharaɗin: ba za ta fitar da ko sisi ba sai an auna. Agogon kilomita ya mutu tun Baba na da rai, don haka ta ƙirƙiro nata ma'auni. A cika tanki har baki, a ɗauki buhu goma a je Daura, a sauke a dawo, a sake cikawa da gwangwanin lita. A gwajin farko tafiyar ta sha lita 8. Yaya ya ce a zamanin Baba ba ta kai haka ba ko kusa.

Aikin farko bai ci kuɗin kirki ba, sai dai ya ci mana fuska. Da Baffa ya buɗe tukunyar matacin iska, babu komai a ciki. Wani yaro ya cire abin tacewar shekarun baya, wai don mota ta samu numfashi. Ke nan duk ƙurar hunturun da ke tasowa daga hamada tana wucewa kai tsaye cikin inji, ta gauraya da mai ta zama kamar garin wasa wuƙa. Baffa ya nemo mana mataci irin na da, mai kwanon baƙin mai a ƙasa, wanda ƙura ke faɗawa ciki ta maƙale. Ba a sayen sabo, wankewa ake yi da kananzir a zuba sabon mai. Ya ce a lokacin hunturu duk Juma'a a duba shi. Ya sauya tiyon da ya tsage, ya sa ƙaramin matacin fetur mai gilashi kafin famfo, ya ba Yaya wani ƙyalle ya ce kada a ƙara ɗura man jarka sai ta cikinsa.

Mako na biyu aka shiga kafireto. Solex ce, ta asali. Aikinta ta gauraya fetur da iska gwargwado, kuma gwargwadon nan yana rataye ne a kan wasu 'yan ƙananan ƙusoshin tagulla masu huji, waɗanda ake kira jet. Duk lokacin da dattin mai ya toshe su, yaran tasha sai su zura waya su sosa. Tagulla ba ta da tauri. Sosa yau, sosa gobe, hujin ya buɗe, mota ta koma shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya. Baffa ya ɗaga tsohon jet da sabo ya saita su da hasken rana, mu da kanmu muka ga bambanci. Ya sauya allurar da ke tsayar da mai in kwano ya cika, ya daidaita tsayin abin da ke yawo a saman man, ya sa sabon gaskit, sannan ya zauna yana murza ƙusar sulo da kunnensa a kusa da inji har ƙarar ta kwanta. Wasu sun ba mu shawarar a ɗora mata kafireton ƙaramar mota don tsimi. Ya ce za ta yi tsimi a kwalta ba kaya, amma ranar da ta shiga yashi da lodi sai an taka totur har ƙasa, abin da aka tara ya zube. A gwaji na biyu Malama ta rubuta lita 6 da rabi.

Aiki na uku shi ne mai nauyi, sai da muka haɗa kuɗin kasuwa uku muka ƙara da na tunkiyar Inna. Aka sauke kan inji don a wasa bawul. A nan muka ga abin da ya sa Baba bai yarda da kowa ba. Injin 504 a kishingiɗe yake gefe guda, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kansa kuma alminiyam. Ramukan da fistan ke hawa da sauka ba a jikin gangar aka huda su ba, silif ne ake zurawa, ruwa na zagaye su. Amfanin haka shi ne in sun cinye ana zare su a sa sababbi ba sai an kai inji wurin gundura ba. Haɗarinsa kuma, in an cire kai aka juya inji ba a danne su ba, sai su motsa, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Kafin Baffa ya taɓa komai sai da ya danne su da wasu 'yan ƙarafa da ya ƙera da hannunsa, ya kuma gargaɗi yaransa cewa duk wanda ya taɓa fanka ya kuka da kansa. Ya yini yana murza bawul ɗaya bayan ɗaya da man wasawa, kamar mace na burga miya. Da zai mayar da kai, bai ɗaure ƙusoshi yadda suka zo hannu ba. Daga tsakiya ya fara yana fita waje, zagaye bayan zagaye, don kada alminiyam ya karkace.

A wurin ruwa ne aka yi musu. Baffa ya ce a mayar da tamostat, wato ɗan ƙyauren da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗumama. Yaya ya ce a'a, kowa ya san wannan na ƙasashen sanyi ne, nan da ake haura digiri 40 a watan Afrilu me za a yi da shi? Baffa bai yi gardama ba. Ya ja mu teburin mai shayi, ya ɗaura tamostat ɗin a zare ya zura cikin tukunyar ruwan da ke kan wuta. Muna kallo, tun kafin ruwan ya tafasa, bakinsa ya buɗe a hankali. Ya fito da shi, ya sha iska, ya rufe.

"Ka gani, Babba? In zafi ya zo ba ya tare hanya. Amma ka tuna asubahin watan Janairu, lokacin da kake fita da rawani da safar hannu. Inji mai sanyi ba ya ƙona mai duka. Ragowar na wanke maiƙon jikin silif, ringi na cin ƙarfe. Abin da ke sa motarku zafi yana cikin lagireto."

Gaskiyarsa ce. Da aka buɗe lagireton, rabin hanyoyin ruwan sun toshe da farin dutse irin na gindin buta, saboda shekaru ana zuba ruwan rijiya. Aka sauya masa ciki da mai layi uku, aka sayi sabon murfi mai riƙe matsi, domin ruwan da ke cikin matsi ba ya saurin tafasa. Tsohon murfin namu tsumma ne aka naɗa masa. Daga ranar aka daina zuba ruwan rijiya, sai wanda aka tara na sama da maganin hana tsatsa.

Abu ɗaya tak muka sa mata wanda ba a haife ta da shi ba, kuma Auta ne ya kawo shi. Wutar da ke zuwa fulogi tana bi ta distiributa, abin da makanikan tsallaken iyaka ke kira delko. A cikinta akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa dubban sau a minti guda. Suna cinyewa, tazararsu ta sauya, lokacin tashin wuta ya goce, mota ta ƙi tashi da safe. Ga kwandansan yanzu, wani ko wata ba ya yi. Auta ya gano a YouTube cewa masu tsofaffin 504 a Faransa da Ajantina, inda aka yi ta haɗa motar har ƙarshen shekarun 1990, suna cire kwantak su sa wata 'yar na'ura mai maganaɗisu wadda ba abin da ke gogar wani a cikinta. Ba ya jin yarensu, hannayensu yake kallo. Baffa ya juya abin a tafin hannu ya ce bai taɓa sa irinsa ba, amma hankali ya ɗauka. Sharaɗinsa ɗaya: a nemo wata distiributa ta hannu a dasa a ciki, tsohuwar kuma a bar ta yadda take, a naɗe a buhu a ajiye bayan kujera. Ya ɗauki ƙusa ya yi zane a jikin inji daidai inda take zama.

Kwana goma sha biyu motar na tashi bugu ɗaya. Auta har tafiyarsa ta sauya. A rana ta goma sha uku, da tsakar rana a hanyar Koza, da tumakin mutane a baya, ta mutu murus kamar an hure fitila. Babu inuwa, masu tumaki sun fara salati, dabbobi na haki. Yaya ya ce a ransa ya gama sallamawa cewa masu cewa a sayar sun yi gaskiya. Sai ya tuna buhun bayan kujera. Ya zare sabuwar, ya zura tsohuwar, ya saita ta da zanen ƙusar nan, ya mayar da wayoyi. Kafin rabin awa suna kan hanya.

Da daddare Auta ya ƙi cin tuwo. Mun so mu ɗora wa mai kayan da ya aiko mana daga Kano laifi, amma da Baffa ya bincika sai ya ce laifin namu ne, har da shi. Kwayil ɗin da ke motar ba nata ba ne, wani aka taɓa sa mata mai jan wuta da yawa, shi ya ƙona na'urar. Ya ce da ya auna tun farko da ba a yi asara ba. Dattijo mai furfura ya faɗi haka a gaban yara, bai ji ya ragu ba. Aka sake zama. Wasu suka ce a haƙura da kwantak. Malama ta buɗe littafi ta nuna cewa a kwana goma sha biyun nan gwajin Daura ya sauko lita 5 da ɗan ɗori, ta ce ita dai lissafi take bi. Aka sayi wata, wannan karon da kwayil ɗinta. Tana nan har yau, tsohuwar distiributa ma tana nan a buhunta.

Auta ya so a yanke salansa a sa mai ƙara, wai tana ƙara ƙarfi. Baffa ya ce abin da take ƙarawa shi ne zagin maƙwabta. Ya toshe inda hayaƙi ke tsiyaya a wuyan inji, ya bar sauran. Muna shirin cewa an gama sai Inna ta sake aiko da saƙo ta bakin Malama: "Ku tambayi wancan, da ya ƙara wa doki ƙarfi, ya duba linzami?" Kuɗin kasuwar da ta biyo baya a birki suka tafi, da tayoyin gaba guda biyu.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka, baƙi suka fara dawowa. Lahadin ƙarshe kafin Babbar Sallah, lokacin da kara ke cika har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi, motar ta yi sawu biyar tsakanin ƙauyuka da kasuwa, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. A ƙarshen watan Malama ta ja layi, ta rubuta lamba a ƙasansa. Ba yawa. Rabon kowace mace bai fi na cefanen mako guda ba. Amma ta zaga gida-gida ta kai wa kowa nasa a hannu, ta sa ya duba shafin da idonsa. Inna ta ƙi karɓar nata. Ta ce a buɗe asusu a riƙa jefa tumuninta a ciki, na ranar da ringi za su nemi a sauya su.

Ranar tana tafe, ba mu ruɗi kanmu ba. Da sanyin safiya har yanzu tana ɗan fitar da shuɗin hayaƙi kafin ta ɗumama. Fetur ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, ya cinye wani ɓangare na tsimin da muka samu. Kayan Fijo na asali sai an tona, jabu sun cika kasuwa. A kan titin Daura, Hilux na wuce mu kamar muna tsaye, Yaya ya kauce musu ya ɗaga hannu. Maganar sayarwa ba ta mutu ba, ta dai kwanta, kuma duk wanda ya tashe ta cikinmu yana da haƙƙin a saurare shi. Idon Baffa ma ya fara rauni, yanzu da yatsa yake gane tazarar bawul. Shi ya sa duk Alhamis Auta ke hawa motar haya zuwa Daura, ya yini a inuwar bedin nan yana miƙa sifana, wayarsa a aljihu.

Almajiran maƙwabta ne suka yi asara, domin 'yan canjin turin mota sun yanke. Inna ta ce a riƙa ba su ko ba su tura ba, tun da ba su suka yi laifi ba. Kwanan baya kuma wani dattijo da muke katanga ɗaya ya tare Yaya a ƙofar masallaci da fuska a ɗaure. Ya ce Lahadi biyu ke nan yana makara sallar asuba, saboda shekara ashirin tarin motar gidanmu ne agogonsa, yanzu kuwa sai dai ya farka ya tarar da sawun taya a ƙofar gida. Yaya ya ba shi haƙuri, ya yi masa alkawarin zai riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa kafin ya fita. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Baffa lafiya.